Kafin ki ɗauko kayan ɗakin 'yarki zuwa Jos

Yaya Hajiya sannu da hidima, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin lafiya. Tambayar da kika yi kan kayan ɗakin 'yarki da za a kawo mana Jos, wai kinji ance mu nan ba ma cika ɗaki da kaya kamar ku a Kano, ga shi abin hannun ba yawa kina tsoron kar dangin miji su raina ku, toh bari in faɗa miki yadda abin yake a wurinmu. Ni a unguwar Gangare nan Jos aka haife ni, kakanmu ne ya taso daga Kano zamanin haƙar kuza ya zauna, har yau kuma muna zuwa biki gida muna ganin irin jeren da kuke yi. Gaskiya ne ɗakunanmu basu kai naku kaya ba, amma ba rashin son kyau bane, garin ne ya koya mana inda ake zuba kuɗi da inda ake riƙe hannu.

Sanyi shi ne farkon komai. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu akwai daren da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 10, a damina ma in ruwa ya kwana biyu yana zuba sai kin nemo rigar sanyi cikin watan Agusta. Ku can tunaninku yadda ɗaki zai yi sanyi ne, tayil, fanka, esi in da hali, mu kuma yadda zai riƙe ɗumi. Don haka dan Allah kar ki sa ko kwabo a esi, fanka ɗaya ta ishe su ɗan zafin Maris da Afrilu. Kuɗin ki kai shi ƙasa. In siminti ne a shimfiɗa leda mai kauri a ɗora kafet a kai, in gidan da tayil ya zo toh a sa babban senta kafet a falo da wani a gaban gado, don in mutum ya sauko da asuba ya taka tayil ɗin Jos ba takalmi a watan Disamba har tsakiyar kansa zai ji shi, balle in Allah ya kawo rabo yaro ya fara rarrafe. Sai labule mai nauyi mai shafi a baya, wanda zai taho tun daga kusa da silin har ya taɓa ƙasa, yana tare iskar da ke shigowa ta gefen taga kuma yana sa ƙaramin ɗaki ya yi tsayi a ido. Sai bargo masu kyau da zannuwan gado. Kinga ke nan mu kwalliyar ɗakinmu a yadi take, ba a katako ba, kuma yadi ya fi katako araha nesa ba kusa ba.

Katakon ma akwai magana a kansa. Ruwan da ake yi mana a shekara yana kai wajen milimita 1,400, bango yana shan ruwa, ƙasan ɗaki yana yin danshi, irin saitin nan na garin katako da ake mannawa a lulluɓe da abu mai ƙyalli, wanda yake ɗaukar ido a shago, in ya sha daminar Jos ƙafafunsa kumbura suke yi, fatar ta fara ɗagowa, ƙofar sif ta ƙi rufuwa. Kuma kin biya kuɗin mota daga Kano, an goge shi a hanya. Abin da mu muke yi, a je kasuwar Katako a sayi katako na gaske wanda ya bushe, a shafa masa maganin gara, a ba kafinta ya yi gado da sif da madubi daidai girman ɗakin, ƙafafun da ɗan tsayi yadda tsintsiya da iska za su shiga ƙarƙashi, sannan wurin jere a bar ɗan fili tsakanin sif da bango kar a manna shi. Ki dage kan busasshen katakon nan, ɗanye in ya bushe a ɗaki lanƙwashewa yake yi. Takardar bango kuwa ki manta da ita sai in an tabbatar bangon baya tsattsafo, fenti ruwan madara ko fari shi ya fi, yana ƙara haske, in ƙasan bango ya ɓare bayan damina bokiti ɗaya ya gyara komai.

Yanzu sai maganar da ba kowa ke son taɓawa ba amma in ban faɗa miki ba bazaki gane mu ba. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun canza yadda ake zama a garin nan, mutane da yawa ta kowane ɓangare sun bar unguwannin da suka saba sun koma inda 'yan uwansu suka fi yawa. Unguwanninmu irin su Unguwar Rogo, Rikkos, Gangare, Ali Kazaure, Nasarawa da layin Bauchi Road suka cika maƙil, gidan da da iyali ɗaya ne a ciki aka yanka shi uku, haya ta yi tsada, yawancin amare ciki da falo ake kai su, ɗakunan ma ƙanana. Lungunan kuma ga matsi ga duwatsu, wani wurin mota bata shiga sai dai a sauke kaya a bakin titi a ɗauka a ka ko a baro. Toh ki ce min ina za a kai kujerun zaman mutum bakwai masu kan sarauta a irin wannan falon? Na ga inda aka kawo su daga nesa da kuɗi masu yawa, ƙofa ta ƙi karɓarsu, sai da aka kira kafinta ya ɓalle musu ƙafa, aka shigar suka cinye falon kaf har wurin shimfiɗa dardumar sallah babu, amarya na kuka uwarta na kuka. Kujera mai zaman uku guda ɗaya, da mai zaman biyu in wuri ya bari, sai tumtum a gefe, wallahi ya wadatar. Gado ma ba dole sai ƙafa shida da shida ba.

Akwai kuma abin da waɗancan shekarun suka bar mana a zuciya. Matar da ta taɓa fita daga gidanta da goyo da mayafi kawai, ta bar dibaida cike da tangaran da kwalla tun na kakarta, ba za ta sake tara dukiyarta duka a bango ba, 'yarta ma da wannan tunanin ta tashi. Ga gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairu 2002 da ta durƙusar da iyayen mutane da yawa a dare ɗaya. Shi ya sa zaki ga uwa a nan ta yi wa 'yarta ɗaki madaidaici mai tsafta, ragowar kuɗin ta saya mata keken ɗinki ko firiza ko ɗan kunnen gwal, abin da zai kawo mata kuɗi ko ta iya ɗaga shi ranar buƙata. Ni dai wannan tsarin nake so, kuma shi nake ba ki shawara ko da kina da ninkin abin da ke hannunki.

Gwanjo kuma a wurinmu ba abin kunya bane, na san a can wasu ɓoyewa suke yi. Labule, bargo, zanin gado, ƙananan kafet, duk ana samunsu a Katako da kewayen Terminus, sirrin kawai ki sami mai dila ki san ranar da zai buɗe ki je da sassafe kafin 'yan sari su tsince na kirki. In kin ɗauki labule ki ɗaga shi sama ki kalle shi ta hasken rana, inda ya sha rana a ƙasar da ya fito zai nuna fari-fari kuma zaren wurin ya yi laushi, ki ja shi kaɗan da yatsa biyu, in ya yi ƙara ajiye shi. Ki duba bakin ɗinki da wurin ƙarfen ratayewa, ki sansana ko akwai warin ruma. Ki nemi guda huɗu ko shida iri ɗaya ko da tsayinsu ya bambanta, tela zai daidaita, abin da ya yanke kuma kar a bar masa, a ɗinka rigunan filon kujera da shi, sai ɗaki ya fito kala ɗaya kamar an yi odarsa. A wanke a shanya a rana a goge a turara, babu mai ganin ɗakin da zai ce ba daga leda aka ɓare shi ba.

Zaman cakuɗa ma ya ƙara mana wasu abubuwan. Mun tashi da maƙwabta Birom da Afizere da Anaguta da Yarbawa da Ibo, a wurinsu muka ga ana jera shuka a bakin ƙofa muka ɗauka, ƙasar Jos kuma komai kika dasa kamawa yake yi, har fulawar da bata jure zafin Kano. Tsohon bokitin fenti ne za a wanke a huda gindinsa a shafa masa kalar labule, a dasa fulawa ko na'ana'a ko ɗoɗɗoya, ga kyau ga na shayi da miya. Amma namu na gida bamu yar ba, labulen ƙofa yana nan, turaren wuta yana nan, faifai masu kala uku ko biyar a jera a bango sun fi min duk wani hoton shago. Waɗannan su zaki taho da su daga Kano, yadi daga Kantin Kwari, faifai da tumtum daga Kurmi, duk da mu ma akwai dukawa a Naraguta nan Jos in kaya sun miki yawa, sai turare da humra da kayan kicin ɗin da kika riga kika tara. Basu da nauyi kuma ba abin da hanya za ta yi musu.

Abu ɗaya zan roƙe ki ki ja wa 'yarki kunne a kai sosai, kar sanyi ya sa ta kunna gawayi a kasko ta rufe ƙofa da taga ta kwanta. Iskar da gawayi ke fitarwa bata da wari bata da kala, mutum yana barci take kashe shi, baƙi waɗanda basu saba da sanyinmu ba su suka fi faɗawa wannan. In za a ɗumama ɗaki a yi taga a buɗe a fitar da kaskon kafin barci, turaren wuta ma haka, janareta kuma can waje nesa da taga.

Masu ganin ɗaki dai muna da su mu ma, bazan ce miki babu gasa ba, akwai gidajen da har Abuja ake zuwa ɗauko kaya, kuma duk abin da kika yi sai an sami mai magana. Amma yawancin mata a nan in sun shiga abin da suke dubawa ya jeren ya zauna, akwai wurin zama, akwai ɗumi, ƙamshi na tashi. Ki sa dangin ango su auno miki tsayi da faɗin ciki da falo, da faɗin ƙofa da na lungun shiga gidan da yawan tagogi, su kuma duba ƙasan bango ko yana ɓarewa, kafin ki biya kuɗin komai. In awon ya zo ki turo min, sai mu shiga Katako da ƙanwar mijina da ta san masu dila, kafinta kuma a bashi aiki da wuri don in biki ya matso hanzari yake yi ya sa ɗanyen katako.