Na'urar X-ray za ta iya gane AA da AS kafin aure?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ce, aurena saura wata biyu. Wani mai shago a unguwarmu ya sa wanda zan aura ya ɗora hannu a kan wata na'ura, ya ce masa AA ne, wai haskenta DNA yake karantawa. Na kuwa taɓa karanta cewa ana gano mazaunin DNA a cikin ƙwayar halitta da X-ray. Ni AS ce, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, gara da ya ƙi kwanciyar.

Abin da kika karanta gaskiya ne. Ana daskarar da ƙwayar halitta ko a busar da ita, a haska ta da X-ray mai rauni, ana sauya ƙarfinsa a kusa da inda kabon ke shan haske, wajen 284 eV (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan), ko naitirojin, wajen 400 eV. DNA da furotin kowa da yadda yake sha, da haka ake raba su a hoto. Tun shekarun 1990 aka yi wannan a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka. Hasken kuwa yawanci daga sinkirotoron yake fitowa, injin da ke cinye gini guda, wanda duk Afirka babu ko ɗaya. To a ina mai shagonku ya samo nasa?

Ga inda 'yan damfara suke cin kasuwa, kuma na gaji da nanatawa: ganin inda DNA take daban, karanta ta daban. Sikila harafi ɗaya ce tak a cikin DNA, A ya koma T a kodon (rukunin haruffa uku) na 6 na beta-gulobin, wani sashe na furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Tsakanin harafi da harafi nanomita 0.34 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), madubin X-ray ɗin kuma da ƙyar yake bambance abin da bai kai nanomita 30 ba. Haruffa kusan ɗari ke nan a dunƙule a ɗigo guda! Ko masanan da ke bin sawun sinadarin fosfaras don gano DNA sai sun yi hattara, don RNA da fatar ƙwayar halitta su ma suna ɗauke da shi. Sai wani ya jona ƙarfe da kwamfuta, ya buga takarda mai launi, ya karɓi kuɗi, ya ce a je a ɗaura. Ranar da yaro zai kwana yana kukan ciwon ƙashi ba za a gan shi ba.

Ki sa a ɗebi jinin saurayin naki a asibitin da aka sani, a yi electrophoresis ko HPLC, wato gwaje-gwajen jini da ke bambance AA da AS, a maimaita a wani ɗakin gwajin. Ki tambaye shi ko an ƙara masa jini cikin wata ukun nan, domin jinin wani kan rikita sakamako.