Tambaya da Amsa: Me ya sa Milwaukee ta yi kukan rashin Bob Uecker?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Shekarata uku ke nan ina aiki a birnin Milwaukee da ke jihar Wisconsin ta Amurka, kuma ina da maƙwabci dattijo da ya haura shekara 70, wanda tun zuwana na saba ganinsa da yammacin bazara zaune a barandarsa, da ƙaramar rediyo a kan cinya, yana sauraron wasan besbol. A watan Janairun 2025 mai sharhin da yake saurara, Bob Uecker, ya rasu, sai na tarar da dattijon nan yana share hawaye kamar wanda ya rasa ɗan'uwa na jini, alhali da bakinsa ya gaya mini cewa ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Daga baya kuma na ji ana cewa Uecker ba wani gwani ba ne a zamanin da yake wasa. Don Allah wane ne mutumin nan, me ya kawo wannan jimami, kuma yaya zan yi wa maƙwabcina ta'aziyya ba tare da na yi katoɓara ba? Daga wata mai karatu a Milwaukee.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da halin da maƙwabcinki yake ciki. Abin da aka gaya miki game da wasan Uecker gaskiya ne, kuma daga nan zan fara.

An haifi Bob Uecker a Milwaukee ranar 26 ga Janairun 1934, ya kuma rasu ranar 16 ga Janairun 2025, saura kwana goma ya cika shekara 91, bayan ya yi kusan shekara biyu yana fama da cutar dajin huhu ba tare da ya bayyana wa jama'a ba. Ƙungiyar Braves, wadda a lokacin take zaune a garinsu, ita ta ɗauke shi a 1956, amma bai kai ga babbar gasa ba sai 1962. Aikinsa a fili shi ne cafe ƙwallo, wato shi ne mai tsugunnawa bayan mai duka, sanye da kariyar fuska da ta ƙirji, yana karɓar ƙwallon da ake jefowa daga tazarar kusan mita 18, sau da yawa da gudun da ya wuce kilomita 140 a awa. Kaka shida kacal ya yi, tsakanin Braves da Cardinals ta St. Louis da Phillies ta Philadelphia, ya buga wasa 297. A besbol ana auna mai duka ne da yawan lokutan da dukansa ya kai shi sansani lafiya. Wanda ya ci nasara sau 3 cikin 10 gwani ne, shi kuwa Uecker sau 146 ya ci cikin 731, wato sau 2 cikin 10, kuma sau 14 kawai ya doka ƙwallo ta tsallake shingen fili, ko da yake ɗaya daga ciki a kan shahararren majefi Sandy Koufax ya yi. Yana cikin 'yan wasan Cardinals da suka ci kofin World Series, wato kofin zakarun babbar gasar besbol, a 1964, amma ko sau ɗaya bai shiga fili ba a wasannin ƙarshen.

Da wani ne, da ya binne wannan tarihi. Shi kuwa sai ya mayar da shi abin raha, yana ba da labarin gazawarsa da fuska a murtuke, mutane suna dariya har da hawaye. Wannan baiwa ce ta kai shi shirin dare na Johnny Carson a talabijin kusan sau 100, kuma Carson ne ya laƙaba masa sunan Mista Besbol. A ganina wannan yana daga cikin abin da ya ja talakawa gare shi, domin yawancin masu sauraro su ma sun taɓa gwada wani abu da iyakar ƙarfinsu bai yi musu yadda suke so ba, sai ga mutum yana faɗin nasa ba kunya ba ɗaci.

Amma tushen hawayen da kika gani yana cikin rediyon nan da ke kan cinyar dattijon. Bayan kakar 1965 Braves ta tattara ta koma Atlanta, Milwaukee ta yi shekara huɗu ba ta da ƙungiya, abin da ya yi wa mutanen garin ciwo ƙwarai. A 1970 wani ɗan kasuwa mai suna Bud Selig ya jagoranci sayo ƙungiyar Pilots daga Seattle, aka sauya mata suna zuwa Brewers, a 1971 kuma Uecker ya hau kujerar sharhin wasanninta a rediyo. Bai sauka ba sai da ya yi kaka 54. Ki lura, Malama, cewa kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu har ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, kuma wasa ɗaya kan ci awa biyu da rabi zuwa uku. Besbol wasa ne mai tsaye-tsaye, tsakanin jifa da jifa akwai ɗan shiru, tsakanin zagaye da zagaye akwai hutu, kuma mai sharhi ne yake cike waɗannan gurabe da hira. Wanda yake tuƙin mota, da manomin da ke kan tarakta a ƙauyukan Wisconsin, da majinyacin da ke kwance a asibiti, duk da murya ɗaya suke hira. Idan maƙwabcinki ya haura 70, to tun yana saurayi ya fara jin muryar nan, da ita ya yi aure, da ita ya yi renon 'ya'ya, mai yiwuwa kuma tare da mahaifinsa ya fara sauraronta. Ƙalilan ne cikin danginsa za a ce ya ji muryarsu na tsawon awannin da ya ji ta Uecker.

Akwai kuma batun amana. Uecker ya yi suna a faɗin ƙasar, ya yi sharhi a manyan tashoshin ABC da NBC, ya fito a fina-finai da tallace-tallace, a 2003 kuma aka ba shi lambar yabo ta Ford C. Frick a Cooperstown, garin da zauren karrama gwanayen besbol yake, wadda ita ce ƙololuwar girmamawa ga mai sharhin besbol. Duk da haka bai bar rediyon garinsu ba. Mutanen da ƙungiya guda ta taɓa juya musu baya sun san darajar wanda ya samu hanyar tafiya ya ƙi tafiya. 'Yan wasa ma a matsayin ɗayansu suka ɗauke shi, har a 2018 suka kaɗa ƙuri'a suka ba shi cikakken kaso daga kuɗin wasannin share fagen kofi, dala 123,000, shi kuma ya raba wa ƙungiyoyin agaji.

Abin da ya ƙara wa rashin zafi shi ne yadda wasansa na ƙarshe ya ƙare. Ranar 3 ga Oktoban 2024 Brewers tana gaba da ci 2 da nema a zagaye na tara, na ƙarshe ke nan, sai Pete Alonso na Mets ta New York ya yi duka ɗaya da ya kawo maki uku, aka tashi 4 da 2, Brewers ta fita daga gasa. Uecker ya rufe shirin da cewa wannan kam akwai raɗaɗi. Masu sauraro ba su san cewa sallama ce ba. Brewers ba ta taɓa cin World Series ba, a 1982 ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi a hannun Cardinals a wasa na bakwai, don haka da yawa suna jin cewa ya tafi bai ga abin da ya yi rabin ƙarni yana jira ba.

Game da ta'aziyya, shawarata ita ce kada ki ce masa ai ba ku san juna ba, kada kuma ki yi gaggawar ba shi haƙuri ki wuce. Ki gaya masa cewa kin lura da yadda yake zama da rediyonsa, kuma kin ji zafin rashin da ya yi. Sannan ki roƙe shi ya ba ki labari, domin mai irin wannan jimami ya fi buƙatar kunne. Ki tambaye shi inda yake ranar 9 ga Satumban 1992, lokacin da ɗan wasan Brewers Robin Yount ya cika duka na 3,000 Uecker yana sanarwa, ko kuma wanda ya fara kunna masa wasan a rediyo. Rashin saninki da dokokin besbol ba matsala ba ne, zai ma ji daɗin koya miki.

Idan kuma ƙafafunsa suna da ƙarfi, ki nemi wani daga iyalinki ku raka shi filin American Family Field, inda Brewers take buga wasanninta na gida. Akwai mutum-mutumin Uecker guda biyu a can. Na farko, wanda aka kafa a 2012, yana wajen filin, inda jama'a suka yi ta ajiye furanni da huluna a cikin sanyin Janairu. Na biyu, na 2014, yana can layin ƙarshe na benen sama, inda kujeru suka fi nisa da fili, yana zaune, an kuma bar kujera ɗaya a gefensa ga duk mai son ya zauna kusa da shi.