Tambayi Likita: Idan An Ce "Bincike Ya Nuna", A Jikin Wa Aka Gwada?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An turo mini bidiyo ana cewa masana sun gano ruwan wani ganye yana kashe ƙwayoyin cutar daji a ɗakin gwaje-gwaje. Mahaifiyata tana karɓar magani a asibiti. Mu haɗa mata da shi?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Malam, kada a ba ta komai sai likitan da ke duba ta ya sani, domin wasu tsirrai kan sauya yadda hanta ke sarrafa maganin cutar daji, su rage masa ƙarfi ko su ƙara masa dafi.

Ita kuwa maganar bidiyon, tana iya zama gaskiya, amma gaskiyar cikin kwano ce. Ana shuka ƙwayoyin cutar a ɗan faranti, a ɗiga musu ruwan ganyen kai tsaye, a ƙirga waɗanda suka mutu bayan kwana biyu ko uku. Ruwan bilic ma zai kashe su tas, amma ba wanda zai sha shi. A jikin mutum sai sinadarin ya ratsa hanji, ya tsira daga hanta, ya shiga jini, ya isa wurin ciwon da yawan da zai yi aiki, kuma bai taɓa ƙoda ko ɓargo ba. A nan mafi yawa ke faɗuwa.

Bayan faranti sai ɓeraye da sauran dabbobi. Daga nan sai mutane, a matakai uku. Na farko mutum 20 zuwa 100, don a ga ko yana cutarwa da kuma adadin da jiki zai iya ɗauka. Na biyu majinyata ɗaruruwa. Na uku kan kai dubbai, kuma a nan ake raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu a ba su sabon magani, wasu tsohon ko ƙwaya marar magani, ba tare da majinyaci ko likita ya san wa ya sami me ba. Cikin magunguna goma da suka kai ga gwajin mutane, kusan tara ba sa samun amincewa.

Ko dabba ma ba ta cika faɗin gaskiyar mutum ba. A 2006 a Landan an yi wa maza shida masu ƙoshin lafiya allurar wani sabon magani mai suna TGN1412, adadin da ya yi ƙasa sau 500 da wanda birai suka ɗauka lafiya ƙalau. Cikin sa'o'i kaɗan duk shidan suna ɗakin kulawa ta musamman, gaɓoɓinsu na neman tsayawa. Tun daga nan aka tsaurara doka: magani mai haɗari a fara da mutum ɗaya, a jira, kafin a ba na biyu.

Tambaya: Na ji cewa daga ganye aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro. To me zai hana in dafa ganyen in sha?

Amsa: Ji da kyau, Hajiya. Daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, Artemisia annua, masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin a farkon shekarun 1970, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin lura shi ne, sai da suka bar tafasawa suka koma tatsar ganyen da ƙaramin zafi sannan abin ya yi aiki sosai. Sinadarin ba ya narkewa da kyau a ruwa, kuma yawansa a ganye ya danganta da iri, ƙasa, lokacin girbi da yadda aka shanya. Kofi biyu daga tukunya biyu ba ɗaya ba ne.

Sannan atemisinin gaggawa gare shi: yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri, amma cikin sa'o'i kaɗan ya bar jini. Shi ya sa ake haɗa shi da abokin tafiya mai daɗewa. A Coartem, wani maganin zazzaɓin cizon sauro, sinadarin lumefantirin ne ke zama kwanaki yana share ragowar. Babba mai nauyin kilo 35 ko fiye yana shan ƙwaya 4 masu ƙarfin 20/120 sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8, tare da abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki. Mai shan ganye zai ji sauƙi, zazzaɓi ya lafa, bayan sati biyu ko uku ya dawo. Ƙwayoyin da suka tsira kuwa su ne masu taurin kai. An fara ganin irinsu a Kambodiya wajen 2008, yanzu an tabbatar da su a Ruwanda da Yuganda. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan ganyen a matsayin magani ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 ya yi fitsarin jini bara, an ba shi magani ya warke, bana ga shi ya dawo. Maganin jabu ne?

Amsa: Ba lallai ba, Malam. Tsargiya cuta ce mai gida biyu, mutum da katantanwar ruwa. Ƙwan tsutsar yana fita da fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa marar gishiri, ya shiga katantanwa. Bayan sati 4 zuwa 6 sai dubban 'yan tsutsotsi su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Firazikwantel, maganin tsargiya, yana kashe manyan tsutsotsi, ba ya kashe ƙanana, kuma ba rigakafi ba ne. Yaro ya koma ruwan, an koma gidan jiya.

A kai fitsarinsa gwaji, wanda aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita. Adadin magani miligiram 40 ne ga kowane kilo: yaro mai kilo 30 zai sha 1,200, wato ƙwaya biyu masu 600, bayan ya ci abinci. A auna shi a sikeli, kada a kintata. Likita na iya maimaitawa bayan sati 2 zuwa 4 don kama ƙananan da suka girma. Ruwan wanka idan aka ajiye shi kwana biyu tsutsotsin sun mutu. Kada a yi sake, domin tsargiyar da ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda.

Masu nazarin muhalli sun koya mana abin da asibiti bai gani ba. A 1986 aka kammala madatsar Diama a kogin Senegal don hana ruwan teku hawowa. Jatan landen kogin, wanda katantanwa ce abincinsa, sai ya sauka ruwa mai ɗan gishiri yake hayayyafa. Madatsa ta tare hanya, jatan lande ya ɓace, katantanwa ta samu sake. Zuwa 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll. Wani bincike da aka buga a 2015 ya mayar da jatan landen zuwa wani mashigin ruwa, aka ga katantanwa masu cutar sun ragu ƙwarai. Gwaji ne ƙarami, amma ya nuna inda gizo ke saƙa.

Tambaya: An yi wa 'yata rigakafin zazzaɓin cizon sauro amma ta kamu. Ina amfaninsa?

Amsa: Ragewa yake yi, Hajiya, ba hanawa gaba ɗaya ba. A babban gwajin allurar rigakafin mai suna RTS,S, da ya ƙunshi yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka 7, allura huɗu sun rage kamuwa da kusan kashi 36 cikin ɗari a shekara huɗu ga yaran da aka fara yi wa suna wata 5 zuwa 17. Da aka fara ba da shi a Ghana, Kenya da Malawi daga 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13. Ki duba katinta ko ta karɓi ta huɗun, domin ita aka fi mantawa. Ta ci gaba da kwana a gidan sauro, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi a gwada jininta cikin awa 24.