Sharhi biyu daga mutum ɗaya: ina matsalar take?

Ka ce manhajar sharhin gahawa da ka gina tana tafiya lafiya lau a kwamfutarka, amma tun da ka ɗora ta a uwar garke sai ga mutum ɗaya da sharhi biyu a kan gahawa ɗaya, wani lokacin kuma saƙon "database is locked", wato rumbun bayanai a kulle yake, ya fito. Kana tambaya ko ka sake rubuta shafin. A'a yarona, ƙyale shafin, ciwon yana cikin rumbun bayanai.

Tebura uku sun ishe ka a yanzu: na masu rajista, na gahawa, na sharhi. A na gahawa sa suna, ƙasar da aka noma ta, wanda ya soya ta, da irin suyar. A na sharhi kuwa lambar mai sharhi, lambar gahawa, maki, rubutu da lokaci. Lamba za ka sa, ba suna ba, ka ɗaure ta da FOREIGN KEY, dokar da ke tabbatar da cewa lambar tana nan a teburinta na asali. Ka kula, SQLite, rumbun bayanan da kake amfani da shi, ba ya duba wannan ɗaurin sai ka ba shi umarnin PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da ka buɗe haɗi da rumbun.

To, ga yadda sharhi ke zama tagwaye. Intanet ta yi nauyi, mutum ya danna maɓalli sau biyu, buƙatu biyu suka iso kusan tare. Kowace ta leƙa teburi ta ga babu sharhinsa, kowace ta rubuta. Duk binciken da ka sa a cikin manhaja ba zai hana wannan ba, domin tsakanin dubawa da rubutawa akwai 'yar kafa. Rumbun ne kaɗai ke iya toshe ta. Sa UNIQUE, dokar hana maimaici, a kan lambar gahawa da ta mai sharhi a haɗe, sannan ka yi amfani da ON CONFLICT DO UPDATE, sabon sharhi ya maye gurbin tsohon. Sai ka fara goge tagwayen da ke ciki, in ba haka ba dokar ba za ta kafu ba. Kuma lambar gahawa ce za ta zo farko a haɗin, ta haka fihirisar da UNIQUE ta samar za ta taimaka wajen zaƙulo sharhin kowace gahawa da sauri. Ƙara CHECK, kada maki ya fita daga 1 zuwa 5.

Kullewar kuwa ɗabi'ar SQLite ce, marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda. A kwamfutarka kai kaɗai ne, a uwar garke Gunicorn, shirin da ke gudanar da manhajarka, yana da ma'aikata da yawa suna rububin fayil ɗaya. Kunna WAL, tsarin SQLite da ke barin karatu ya ci gaba yayin da ake rubutu, ka sa busy_timeout a 5000, wato jiran daƙiƙa 5, ƙaramar manhaja za ta samu sauƙi. Idan masu rubutu suka yi yawa, koma PostgreSQL, rumbun da ke ɗaukar marubuta da yawa a lokaci guda. Can ma akwai iyaka: haɗi 100 ya saba zuwa da shi, don haka rufe kowane haɗi da ka buɗe. Kada ka bar ƙofarsa ta 5432 a buɗe ga duniya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma zai same ka. In ka jera gahawa da matsakaicin maki zalla, gahawa mai sharhi ɗaya na maki 5 za ta hau kan wadda ke da sharhi 200 da matsakaicin 4.6, kuma hakan ba adalci ba ne. Ƙara wa kowace gahawa ƙuri'u 10 na wucin gadi a kan matsakaicin rumbun gaba ɗaya. A ce shi 3.8 ne: ta farko za ta sauko 3.9, ta biyu ta tsaya wajen 4.56.

Kada ka liƙa rubutun mai sharhi kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake magana da rumbun, bar masa gurbi laburaren da ke haɗa manhajarka da rumbun ya cike. Kalmar sirri kuma ta bi ta bcrypt ko Argon2, hanyoyin sauya ta yadda ba za a iya karanta ta ba, kafin ta shiga teburi. Da ka koma PostgreSQL, sa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya riƙa gudanar da pg_dump, mai ɗaukar kwafin rumbun, kowane dare, a kai kwafin wata na'ura dabam. Sau ɗaya a wata ka zuba kwafin cikin rumbun gwaji, ka ƙirga layukan teburin sharhi ka ga ko sun cika.