Ɗalibaina na ɗaukar giraf ɗin gudu tamkar hoton hanya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Fiziks a SS1. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idar ƙaruwar gudu tsaf, amma da na zana giraf a allo sai su rikice. Layi ya yi sama su ce mota na hawa tudu, ya kwanta su ce ta tsaya. Ta ina zan ɓullo musu? Wata malama daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan ciwon ba a ajinki kaɗai yake ba. Yaro ya taso yana ganin duk wani zane hoton abu ne, hadda kuwa ba ta raba shi da wannan sabon. Ki ajiye ƙa'idar tukuna.

Ki fara da Hausar da suka sani. "Yana gudu" daban, "yana ƙara gudu" daban. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa a hanyar Kaduna, allurar malejinta ba ta motsi, ƙaruwar gudunta sifili ce duk sharara gudun da take yi. Adaidaita sahun da danja ta saki yanzu kuwa, gudunsa bai kai ya kawo ba, amma kowane sakan ƙaruwa yake yi. Allura ake so su riƙa kallo: tana tsaye ko tana motsi?

Daga nan sai fili. A ja layi a ƙasa duk bayan mita 2, wani ya riƙe agogon waya, wani ya yi tafiyar: a hankali, ya tsaya cik, sannan ya ruga. Su rubuta lokutan, su zana giraf ɗin nisa da lokaci, sannan na gudu da lokaci, na wannan tafiyar dai, gefe da gefe. Fili a shimfiɗe yake, ga layi ya hau sama, maganar tudu ta mutu ke nan. Za su kuma gani da idonsu cewa kwantaccen layi a na farko tsayuwa ce, a na biyu kuwa, in ba a kan sifili ya kwanta ba, tafiya ce da gudun da bai canja ba. Ni dokata a aji ɗaya ce: ba mai taɓa layi sai ya karanta abin da aka rubuta a jikin layin tsaye.

Sai lissafi. Adaidaita ya tashi daga tsaye, cikin sakan 5 ya kai mita 10 a sakan (kilomita 36 a awa ke nan, ana rabawa da 3.6). Goma a raba biyar, 2 m/s². Kada ki bari su karanta wannan ma'aunin da ka. Su faɗe shi da baki: kowane sakan gudunsa na ƙaruwa da mita 2 a sakan. Ya yi sakan 20 yana tafiya a gudun mita 10 a sakan, fasinja ya ce "akwai", ya taka burki ya tsaya cikin sakan 4, wato -2.5 m/s². A giraf ɗin gudu da lokaci layin ya sauko, amma keken ba baya ya koma ba, gudu ya rage. Faɗin filin da ke ƙarƙashin layin shi ne nisan tafiyar: 25 da 200 da 20, mita 245. Irin wannan zanen mai hawa, kwanciya da sauka WAEC da NECO ba sa gajiya da kawo shi.

In kina son gane wanda ya fahimta, ki cilla alli sama ki tambaye su ƙaruwar gudunsa a daidai ƙololuwa. Yawancinsu za su ce sifili. Gudun ne sifili. Ƙasa na nan tana jan sa da 9.8 m/s², wanda ake ɗauka 10 a jarrabawa. Da ba haka ba, da can sama zai maƙale.