Saura kwanaki zaɓe: ina ikon gwamna ya tsaya, me ya rage wa mutanen unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Zaɓen shugaban ƙasa ya matso, unguwa ta ɗau zafi. Wasu samari na bi gida-gida suna rubuta lambar katin zaɓen mata, wai za a ba su tallafi. Ana kuma raɗe-raɗin cewa idan akwatinmu bai kawo wanda gwamna ke mara wa baya ba, aikin magudanar ruwan da aka fara mana ya tsaya ke nan. Shin gwamnatin jiha na da hannu a yadda ake gudanar da wannan zaɓe? Kuma me ƙungiya irin tamu za ta yi a 'yan kwanakin nan ba tare da an ce mun shiga siyasa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Gwamna ba ya gudanar da zaɓen shugaban ƙasa, kai ko nasa zaɓen ma ba shi ke yi ba. Duka aikin hukumar zaɓe ta ƙasa ne, wato INEC, kuma kwamishinan zaɓen da ke zaune a jiharku shugaban ƙasa ne ke naɗa shi da amincewar majalisar dattawa. Hukumar zaɓe ta jiha, irin su KANSIEC a Kano, iyakarta zaɓen ciyamomi da kansiloli. 'Yan sanda ma na tarayya ne, kwamishinansu daga Sufeto Janar yake karɓar umarni. A 2023 Sufeto Janar ya hana rundunonin tsaron da jihohi suka kafa shiga aikin zaɓe, ya kuma hana dogaran manyan mutane raka iyayen gidansu rumfa. Duk dokar da zan ambata a nan ta 2022 ce, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Majalisa kan yi wa dokar zaɓe kwaskwarima, don haka ranaku da adadin tara ku riƙa gwada su da sanarwar INEC ta zaɓen da ke gabanku.

To amma wanda bai riƙe akwati ba yana iya riƙe abubuwan da ke kewaye da akwatin. Albashi da fansho a hannun gwamna suke. Ciyamomi yawanci yaransa ne. Hakimi da dagaci da mai unguwa sun san daga ina takardar dakatarwa ke fitowa. Gidan rediyon jiha nasa ne, filin taro nasa ne, kwangila shi ke sa mata hannu. Shi ya sa a makon ƙarshe za ka ga an biya bashin ariyas ɗin da aka shekara ana roƙo, an aza harsashin asibiti, an kira masu unguwanni "taron tsaro" a sakatariya. Doka ta hana amfani da kayan gwamnati, har da kafafen yaɗa labaranta, don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce ba a hana jam'iyya mai rajista yin taro. Rubutun yana nan, hukuncin ne ba a cika gani ba.

Ƙarfin nan kuwa bai kai yadda sojojin baka ke zuzuta shi a rediyo ba. Dubi ranar 25 ga Fabrairun 2023. Katsina jihar shugaban ƙasa na lokacin Buhari ce, gwamnanta ɗan APC, amma Atiku Abubakar, ɗan takarar PDP, ne ya ci ta. Haka Kaduna, haka Kebbi, inda gwamna Atiku Bagudu, shugaban gwamnonin APC a lokacin, ya nemi kujerar sanata ya sha kaye a hannun Adamu Aliero. Bayan mako uku Kadunar da ta zaɓi PDP a sama ta ba Uba Sani na APC kujerar gwamna. Zamfara ta yi akasin haka: Tinubu ya ci ta, sannan Bello Matawalle ya faɗi a hannun Dauda Lawal. Mutane sun iya wake da shinkafa, ba kowa ke yin sak ba. Su kansu gwamnonin ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya da Abuja ba. A rikicin canjin kuɗi, Kaduna da Kogi da Zamfara, dukansu na APC, su suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli ana saura 'yan makonni zaɓe.

Maganar magudanar ruwa, kada mu yi wa juna daɗin baki. Ƙuri'ar mutum ɗaya sirri ce, babu wanda zai san inda Malama wance ta dangwala. Sakamakon rumfa kuwa ba sirri ba ne, ana karanta shi a bainar jama'a, a liƙa a bango. Saboda haka mai mulki na iya sanin yadda unguwa ta yi, kuma akwai masu riƙo. Abin da ake mantawa shi ne jerin zaɓukan. A 2023 zaɓen gwamnoni a jihohi 28 da na 'yan majalisun jihohi ya biyo baya ranar 18 ga Maris. Wato bayan zaɓen ƙasa, masu barazanar ne za su dawo ƙofar gidajenku neman tasu ƙuri'ar, kuma unguwar da ta nuna tana iya juya baya ita ake lallashi. Abin da ƙungiya za ta yi yanzu shi ne ta nemo shaidar aikin: yana cikin kasafin kuɗin jiha ko na ƙaramar hukuma, wace ma'aikata ce ta bayar, me aka rubuta a allon kwangila. Ku ɗauki hoton inda aikin ya kai da kwanan wata. Ku rubuta takarda iri ɗaya ga duk masu neman kujerar majalisar jiha a mazaɓarku, kowace jam'iyya, kuna neman alkawarin kammalawa. Muddin kowa ya samu kwafi, ba mai cewa kun ɗauki ɓangare.

Sai batun rubuta lambar kati, wanda ya fi damuna a cikin tambayarka. Lambar kaɗai ba ta jefa ƙuri'a. Na'urar BVAS sai ta tantance yatsa ko fuskar mai katin kafin a miƙa masa takarda, don haka wanda ya kwafi lambobi ɗari bai samu ƙuri'a ko ɗaya ba. To me yake nema? Wani lissafin rabon kuɗi yake haɗawa don ya nuna wa ubangidansa yana da jama'a. Wani tsoro yake shukawa, tsohuwa ta ɗauka tunda an rubuta lambarta za a gane wanda ta zaɓa. Mafi muni shi ne wanda zai ce a ba shi katin kansa "a kai ofis a dawo da shi". Wannan a unguwar da ake zaton ta abokin hamayya ce ake yin sa, kuma katin ba ya dawowa sai bayan zaɓe. Ba kati, ba ƙuri'a. Riƙe katin wani ba bisa ƙa'ida ba, ko saye ko sayar da shi, laifi ne mai tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara 2, ko duka biyun. Saƙon da za ku isar gajere ne: kati ba ya kwana a hannun kowa sai mai shi. Ku bi ta malaman Islamiyya na matan aure da shugabannin adashi, domin samarin nan da hantsi suke shiga gidaje lokacin da maza suka fita, sanarwar masallaci kuwa ba ta kai wa tsakar gida yadda ake zato.

Taliya da atamfa da sabulu za su zo, ba ku da ikon tare su a bakin layi, kada ma ku gwada. Ku dai sanar da mutane cewa doka ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi, kuma INEC ta hana shiga wurin dangwale da waya saboda masu cewa sai an nuna hoto za a biya.

Yana da kyau ku san yadda kwanakin ƙarshe ke tafiya, don jita-jita a cikin rashin sani take yaɗo. Kamfe na rufewa awa 24 kafin ranar zaɓe. A 2023 ya ƙare da tsakar daren Alhamis 23 ga Fabrairu, daga nan babu gangami, babu tallan ɗan takara a rediyo ko talabijin. Takardun ƙuri'a da na sakamako a reshen Babban Banki na jiha ake ajiye su, a fito da su a tsakiyar mako a gaban wakilan jam'iyyu, a kai ofisoshin INEC na ƙananan hukumomi. Ranar Juma'a ake wucewa da su cibiyar mazaɓa, galibi makarantar firamare, inda malaman zaɓe, yawancinsu 'yan bautar ƙasa, ke kwana a kan benci da tabarma. Idan wani ya ga motoci na sauke akwatuna a firamare da magariba ya fara ihun an kawo maguɗi, wannan ne ya gani. Makarar safiya kuma yawanci daga direbobi take: ba a biya kuɗin mota ba, babu mai, ko ana jiran 'yan sandan rakiya. Ɗage zaɓe ma ba sabon abu ba ne. An yi a 2011, an yi a 2015, a 2019 kuwa sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna aka sanar. Duk labarin ɗagewa, sai an ji daga bakin INEC.

Aikin da ya fi amfani, wanda kuma babu ɗigon jam'iyya a cikinsa, shi ne kowa ya san rumfarsa tun kafin Asabar. A 2021 INEC ta ƙara rumfuna 56,872, jimilla ta zama 176,846, sannan ta kwashe wasu masu zaɓe daga rumfunan da suka cika ta mayar da su sababbi. Mutane da yawa sun yi layin awa uku a inda suka saba, sai a gaban tebur aka ce sunansu ba ya nan. Ku sa matasa masu waya su zauna da dattawa su duba musu a shafin INEC, ko a rajistar da ake liƙawa a rumfa. Sannan ku koyar da dangwale. Takardar ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce da gajeren sunanta. Takardu uku ake bayarwa, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai. Tawada kaɗan ta isa, yatsa ya zauna a cikin gida ɗaya kada ya hau layi, a ɗan jira ta sha iska kafin a naɗe, don idan ta shafi gidan wata jam'iyyar ana iya jefar da ƙuri'ar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'u sama da 900,000 aka ƙi ƙirgawa, alhali ratar da ke tsakanin Atiku da Tinubu a Katsina ba ta kai 7,000 ba. Ku zana alamomin duka jam'iyyu a kwali, ba ta mutum ɗaya ba.

Ranar zaɓe ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe ko da dare zai yi. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da masu buƙata ta musamman ana sa su gaba, kuma doka ta yarda a raba layin maza da na mata. A cikin tazarar mita 300 daga rumfa ba a roƙon ƙuri'a, ba a sa hular jam'iyya ko rigarta, ba a kirari, ba a riƙe makami. Tsayawa a ga ƙirge cikin natsuwa kuwa halal ne, shi ne asalin "a kasa, a tsare". Abin lura shi ne takardar sakamakon rumfa, wato EC8A: a ƙirga da ƙarfi, a rubuta, shugaban rumfa ya sa hannu da hatimi, ejan-ejan su sa hannu su karɓi kwafi, a ɗauki hotonta da BVAS, a liƙa sakamako a bango. Kowa na iya ɗaukar hoton na bangon, kuma ya kamata ƙungiya ta ajiye na kowace rumfa, domin a 2023 an samu tsaiko wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafin IReV, inda INEC ke nuna sakamakon rumfuna. Ku kuma sani cewa kansila ko ciyaman ko kwamishina mai ci ba ya zama ejan.

Wani abu da matasa ba su cika fahimta ba: hargitsi a rumfa asarar unguwa ce. Idan aka fasa akwati, ko ƙuri'u suka fi yawan waɗanda na'ura ta tantance, soke sakamakon rumfar ake yi gaba ɗaya. Ɗan dabar da aka turo ya tada rigima a inda ubangidansa ke faɗuwa, abin da yake nema ke nan, wanda ya biye masa kuwa ya taya shi aiki. Idan kuma ratar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a ce inkwankulusib, wato zaɓe bai kammala ba, sai an sake a waɗannan rumfunan. Mutanen Gama a Kano sun san abin da ya biyo baya a zaɓen gwamna da aka sake a Maris ɗin 2019, lokacin da ƙarfin jiha guda ya tattaru a kan 'yan mazaɓu. Ku zauna da mai unguwa da limamai da fastoci inda akwai, da shugabannin 'yan sintiri da DPO, a yi zama ɗaya kafin Alhamis. A amince cewa 'yan sintiri ba sa zuwa rumfa da gora, huɗubar Juma'a ba ta kama sunan kowa (doka ta hana kamfe a wuraren ibada, da kamfe da addini ko ƙabila), kuma ba a bikin nasara da babura kafin sanarwar hukuma. Rikicin 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa 12, bayan zaɓe ya ɓarke, lokacin da sakamako ke fitowa. Don haka shirinku ya kai har Larabar bayan zaɓe.

A 2023 an hana zirga-zirgar ababen hawa daga tsakar dare zuwa ƙarfe 6 na yamma, ban da masu aikin gaggawa. Ku ƙirga masu cikin da suka kusa haihuwa da masu ciwon suga ko hawan jini a unguwa, a tanadi maganin kwana uku, a ware mota ɗaya da direban da DPO ya san da zamansa, a rubuta lambarsa a ƙofar masallaci tun ranar Juma'a.