Mashiga ɗaya tsakanina da 'yan kwana-kwana: wa ke da iko da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina shaguna da gidajen haya a nan Zariya. Filina yana maƙwabtaka da wani ofishin 'yan kwana-kwana, kuma mashiga ɗaya muke bi daga bakin titi. Tun da tipa ta fara sauke mini yashi da tsakuwa suka ce in daina bi ta nan, wai ina tare musu hanya. Wanda ya sayar mini da filin ya ce hanyar ta kowa ce. Shin ina da haƙƙi a kanta?
Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar mai sayar da fili ba hujja ba ce. Hujjarka tana cikin taswirar da ke haɗe da takardar mallakarka. Ka je KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Kaduna, ka nemi a bincika maka fayil ɗin, sannan ka ɗauko safiyo mai lasisi ya gano duwatsun iyaka a gaban wakilin ofishin. Idan taswira ta nuna wurin hanya ce da gwamnati ta yanka, kowa na da damar wucewa, amma ba wanda aka yarda ya jibge kaya a kanta. Idan kuwa cikin filin ofishin take, alfarma ake yi maka, kuma ana iya janye ta. In ma ta faɗa cikin naka filin, kada ka yi saurin ja da katanga: Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a. Hanyar fitar motar kashe gobara tana iya shiga wannan babi.

A kan batun yashi dai, gaskiya tana wajensu. Motarsu ba irin taka ba ce. Faɗinta ya kai kimanin mita 2.5, ba a lissafa madubai ba, kuma ruwa lita 5,000 kaɗai nauyinsa tan 5 ne kafin a ƙara na motar da injin famfo da mutane. Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda za ku iya ɗauka a matsayin ma'auni, ta ce hanyar irin wannan mota kada ta gaza mita 3.7 a faɗi, ƙofa mita 3.1, sararin sama mita 3.7, ƙasan kuma ya iya ɗaukar tan 12.5. Ta Amurka ma ta fi tsanani, kusan mita 6 take nema. Tulin yashi na tipa ɗaya yana iya cinye rabin wannan faɗin. Ga hunturu, lokacin da iska ke hura wuta daga rumfa zuwa rumfa cikin mintuna kaɗan. Direban da ya tsaya neman mai tipa ya kawar da motarsa, asarar wani bawan Allah ce ke ƙaruwa.

Abin da ya fi ɓata tsakanin maƙwabta irinku shi ne kwalbatin bakin titi. Magini yakan zuba shi daidai nauyin ƙananan motoci, da siririn rodi da kankare marar kauri. Tipa da tanka su bi ta kai wata biyu ya tsage, damina ta zo ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa, ya rufta, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ka sa injiniyan gini ya zana shi bisa nauyin motar da ta fi kowace nauyi a ofishin, a cike da ruwa. Idan intalok za ka shimfiɗa, ka sayi mai kaurin milimita 80. Mai 60 na ƙananan motoci ne, kuma ko mai 80 ɗin zai lotsa idan ba a daddage ƙasan da kyau ba. Ka kuma ɗaga kai: wayar lantarki da ta yi ƙasa, allon talla da bakin rumfar shago duk suna kama tsanin da ke saman motar.

Shawararmu ta gaskiya ita ce ka buɗe taka mashigar daban, ko da za ka rasa shago ɗaya. Gini zai ƙare, amma shaguna za su jawo masu Keke Napep da 'yan acaɓa da masu sauke kaya, waɗanda ba za ka iya tsare su dare da rana ba. Ka kai gyararren zanen ga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, su amince kafin ka fasa kwata, domin mashigar da ba ta cikin zanen da aka sa wa hannu tana iya jawo maka jan fenti a bango.

Idan babu wata kafa sai wannan, to a yi yarjejeniya a rubuce da hedikwatar hukumar kashe gobara, ba da shugaban ofishin kaɗai ba, don shi ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe. Lauya ya rubuta faɗin da za a bari fayau, awannin da tipa za ta shigo da sharaɗin direba ba zai bar motarsa ba, wanda zai gyara kwalbati, da cewa ba za a sa ƙofa mai kwaɗo a hanyar ba. A haɗa da taswira, a yi mata rajista a KADGIS domin ta hau kan wanda zai saya ko ya gada bayanka, a kuma saka sharaɗin hana ajiye mota a takardar kowane ɗan haya. Mai unguwa zai iya zama shaida. Kafin a kammala wannan, ka kwashe yashin zuwa cikin filinka a wannan makon, ka riƙa karɓar kaya kaɗan-kaɗan da ƙaramar mota.